Rawar Fuskokin Katako ta Sinhalawa: Bautar Aljanu Ce ko Neman Lafiya?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mai karatun wasan kwaikwayo ya rubuto cewa ya ga bidiyo a intanet na wasu mutane a ƙasar Siri Lanka suna rawa cikin dare, sanye da fuskokin katako masu zazzaro idanu da haƙora gatso-gatso, wani ma yana riƙe da wuta a baki, ga kuma wata mata zaune lulluɓe da farin mayafi kamar marar lafiya. An rubuta a ƙasan bidiyon cewa rawar shaiɗanu ce. Yana so ya san asalin wannan abu, ko bautar aljanu ce, ko kuwa irin borinmu ne, sannan me ya sa 'yan kallo suke ta ƙyaƙyata dariya alhali ga majiyyaciya a gabansu.

Amsa: Ɗan'uwa, cikin tambayoyinka huɗu ta ƙarshen ce ta fi nauyi, domin wanda ya gane dalilin dariyar nan ya riga ya gane al'adar baki ɗaya. Sai dai ba za mu kai gare ta ba sai mun bi ta kan ƙasar da mutanenta da yadda suke fahimtar rashin lafiya, saboda haka ka yi haƙuri mu tafi daki-daki.

Siri Lanka tsibiri ne a kudu da Indiya, shi ne wanda Larabawan da suke kira Sarandib, Turawa kuma suka riƙa kiransa Silon har zuwa 1972 da aka sauya sunan. Kusan kashi 75 cikin ɗari na mutanen ƙasar Sinhalawa ne, akasarinsu mabiya addinin Buda, sauran kuwa Tamilawa ne da Musulmi da wasu ƙananan al'ummomi. Sinhalawa suna da manyan gidajen rawa guda uku, kowanne da yankinsa da irin gangarsa. Akwai na tsaunukan tsakiya, wato na Kandi, wanda aka fi nuna wa baƙi a bukukuwan gwamnati. Akwai na lardin Sabaragamuwa a kewayen Ratnapura. Sannan akwai na gangaren ƙasa, wanda suke kira Pahatarata, a gaɓar teku ta kudu da kudu maso yamma, daga wajajen Bentota da Ambalangoda har zuwa Galle da Matara. Abin da ka gani na gida na uku ne, domin su ne ma'abota fuskar katako. Ɗan rawar Kandi yana ado da hular azurfa da duwatsu a ƙirji, amma fuskarsa a buɗe take.

Sunan da ya tattara irin wannan taro na dare shi ne tovil, kuma ba biki ba ne, ba kuma wasa ba ne, magani ne da ake yi wa mutum guda a ƙofar gidansu, iyalinsa ne suke ɗaukar nauyin kuɗi da abincin duk wanda ya zo. Mai jagorantar aikin ana ce masa adura ko kattadiya, kuma yawanci gadon sana'ar ya yi daga uba ko kawu, ya haddace ɗaruruwan baitoci da surkulle, ya iya rawa, ya iya kiɗa. Ba a fara neman sa da zarar ciwo ya kama. Sai an je asibiti, an je wurin mai maganin gargajiya na Ayurbeda, an je wurin mai duba taurari, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sannan a kira shi. Idan ya duba ya ga alamun aikin iska ne, yakan fara da ƙaramin abu, ya tofa a zare ya ɗaura wa majiyyaci a hannu ko a wuya, a matsayin alkawari cewa nan da lokaci kaza za a yi babban taro. Wasu a nan ciwon yake tsayawa.

Halittun da ake zargi da jefa ciwon su ne yakku, ɗaya kuma yaka. A tunanin Sinhalawa duniya hawa-hawa take: Buda ne a can sama, a ƙarƙashinsa akwai alloli, sai mutane, sai yakku, sai kuma fatalwar matattu masu yunwa a can ƙasa. Yakku suna da sarki mai suna Wesamuni, kuma ba su da ikon taɓa mutum sai da izini, wanda suke kira waram, izinin kuma da sharaɗi yake: an yarda su jefa ciwo, amma idan aka ba su rabonsu dole su karɓa su janye. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin tovil duka. Adura ba roƙo ya zo yi ba, ya zo ne ya tuna wa mai laifi cewa akwai doka a kansa kuma akwai wanda ya fi shi. Kowane yaka yana da tarihinsa da wurin zamansa da abincin da yake so. Mahasona na maƙabarta ne, ana cewa jarumi ne da aka fille wa kai a faɗa aka maye masa da kan wata dabbar daji mai gashi wadda Larabawa ke kira dubbu. Riri Yaka na jini ne. Kalu Kumaraya, wato baƙin yarima, mata yake bi. Suniyam kuwa shi ake dangantawa da sammu.

Akwai wata kalma da ya kamata ka riƙe, domin ita ce mabuɗin komai, wato tanikama, ma'ana kaɗaici. Sun yi imani cewa yaka ba ya samun mutum sai a lokacin da yake shi kaɗai: a mararrabar hanya, a bakin rafi, kusa da maƙabarta, da tsakar rana ko da almuru, musamman idan ya tsorata. A nan ne kallon yaka, wanda suke kira disti, yake faɗawa kansa. Bahaushe ba zai ji baƙon abu a wannan ba, tun da mu ma an hana mu yawo da tsakar rana da zama a gindin tsamiya da magariba. Amma masu binciken da suka zauna da mutanen, irin su Gananath Obeyesekere, wanda shi kansa Basinhale ne, da Bruce Kapferer, wanda ya yi aikinsa a Galle ya wallafa shi a 1983, sun nuna cewa kaɗaicin ba na jiki kaɗai ba ne. Mutum yana iya zama a tsakiyar gida cike da jama'a alhali zuciyarsa ita kaɗai ce: amaryar da aka kai gidan da ba ta saba ba, matar da ta rasa ɗa, saurayin da ya kasa samun aiki ya daina fita. Kapferer ya lura cewa mata ne suka fi yawa cikin waɗanda ake yi wa tovil. Idan asalin ciwo kaɗaici ne, to ka ga dalilin da ya sa maganin ba ya yiwuwa a ɗaki a asirce, sai an tara dangi da maƙwabta da duk unguwa sun kwana a zaune saboda mutum ɗaya.

Bisa siffar da ka bayar, ina kyautata zaton abin da ka gani shi ne Sanni Yakuma, wanda ake kuma kira Daha Ata Sanniya, wato sanni, yakkun cututtuka, goma sha takwas, kuma shi ne tovil da ya fi kowanne yawan fuskoki. Labarin asalinsa, kamar yadda baitocinsu suke kawo shi, a Indiya ya faru, a birnin Wisala na kabilar Licchawi. Sarki Sankapala ya tafi yaƙi ya bar matarsa da ƙaramin ciki wanda shi bai sani ba. Kwaɗayin masu ciki ya sa ta nemi mangwaro, wata baiwa ta roƙi a ɗan sam mata aka hana ta, sai ta ƙulla sharri, da sarki ya dawo ta ce masa cikin ba nasa ba ne. Sarki ya sa aka kai matar maƙabarta aka kashe ta, amma jaririn ya rayu, ya girma a cikin gawarwaki, ya zama Maha Kola, ba shi da buri sai ɗaukar fansa a kan ubansa. Ya tara dafi daga itatuwan daji ya dunƙula shi curi goma sha takwas, kowane curi ya zama yaka, suka auka wa birnin da annoba suna kashe mutane ba adadi, har sai da Buda ya zo ya tanƙwara su, ya yanke musu hukuncin da na ambata: su karɓi rabo su bar mutane. Ka lura da inda annobar ta samo tushe a wannan labari. Ba daga sama ta faɗo ba, daga ƙazafi da zalunci a cikin gida ta fito, kuma ina ganin wannan ba ƙaramin tunani ba ne daga mutanen da aka daɗe ana yi musu kallon masu camfi kawai.

Kowanne daga cikin goma sha takwas ɗin yana wakiltar wani ciwo, kuma an sassaƙa fuskarsa ne da alamun ciwon. Kana Sanniya na makanta ne. Bihiri Sanniya na kurumta ne, kuma sau da yawa akan sassaƙa masa maciji ya rufe gefe ɗaya na fuska, domin suna ɗaukar maciji kurma ne. Golu na bebantaka ne, Kora na gurguntaka, fuskarsa a karkace. Amukku na amai ne, fuskarsa kore da harshe a waje. Gedi yana da maruru a fuska, Gulma na tsutsar ciki ne, Jala na amai da gudawa da rawar sanyi, Gini Jala na zazzaɓi mai zafi kamar wuta, Naga na dafi da mugun mafarkin macizai, Dewa na annoba irin su agana da ƙyanda, Maru na magagin mutuwa. Hauka ma sun kasa shi kashi-kashi, sun bambanta wanda iska ta jawo da wanda ba ruwan iska da kuma mai zuwa ya tafi. Sunayen suna ɗan sauyawa daga gidan adura zuwa wani, amma adadin ba ya sauyawa. Kalmar sanni kanta tana da alaƙa da sannipata ta likitancin Ayurbeda, wato rikicewar sinadaran jiki uku, iska da ɗaci da majina, a lokaci guda, kuma uku daga cikin fuskokin, Wata da Pit da Slesma, sunayen waɗannan sinadarai suke ɗauke da su. A 2006 wasu likitoci biyu, Mark Bailey da Janaka de Silva, sun rubuta a mujallar likitoci ta BMJ cewa waɗannan fuskoki wani tsohon tsari ne na rarrabe cututtuka. Shi kuwa uban gayyar, Maha Kola, fuskarsa ƙatuwa ce, da gamsheƙa a kai, da ƙananan fuskoki tara a dama tara a hagu.

Bari in kai ka cikin daren, domin bidiyo na minti biyu ba zai nuna maka tsarinsa ba. Tun da rana ake share fili a gina rumfar yakku da ɓawon kututturen ayaba da ɗanyen ganyen kwakwa, a saƙa ƙananan faifai na ganye a zuba musu shinkafa da furanni da soyayyen abu, a ɗaure zakara a gefe. Da faɗuwar rana ake fito da majiyyaci cikin fararen tufafi a zaunar da shi a kan tabarma yana fuskantar rumfar, a riƙe farin ƙyalle a gabansa kamar labule. An kasa daren kashi uku. A kashin farko babu fuskar katako ko ɗaya. Ana farawa da girmama Buda da alloli, sannan adura ya busa wata 'yar sarewa mai ƙara kamar kururuwa yana kiran yakku ɗaya bayan ɗaya, yana rera tarihin haihuwar kowanne, ana miƙa masa faifansa. Gangar da ake kaɗawa, yak bera, doguwa ce mai baki biyu, ana rataya ta a ƙugu a buga da tafin hannu biyu, kuma muryarta mai kauri ce, tana shiga ƙirjin mutum.

Wajen tsakar dare abu yake kai maƙura. Masu rawa suna juyi kamar guguwa, ƙananan ƙararrawa na kuka a ƙafafunsu, kowanne riƙe da sandar wuta da aka naɗe da tsumma aka jiƙa da man kwakwa. Sai mai rawa ya damƙi garin wani ƙaro da suke kira dummala ya watsa a kan wutar, nan take harshen wuta ya tashi sama da kan mutane, hayaƙi mai ƙamshi ya turnuƙe filin. Wanda ka gani da wuta a baki yana cizon sanda ce mai ci ta kai biyu. A wannan lokaci majiyyaci yakan kama makyarkyata, wani ya miƙe ya shiga rawa ba cikin hayyacinsa ba, adura ya tsare shi da tambaya, wane ne kai, me kake so, yaushe za ka tafi. Akwai kuma inda adura yake kwanciya a kan tabarma ya mayar da kansa gawa, har a yi masa kukan mutuwa, don yaka ya saki majiyyaci ya koma kansa, daga bisani a ruɗe shi da zakara a maimakon mutum. Ana yanka lemun tsami a saitin gaɓoɓin majiyyaci tun daga kai har ƙafa don tsinke abin da ya ɗaure shi. Duk wannan babu dariya a cikinsa, tsoro ne tsantsa, kuma da gangan ake kai shi ƙarshe.

Sai can bayan tsakar dare, sa'ad da jiki ya yi laushi, sannan fuskoki suke fitowa, kuma abin mamakin shi ne da fitowarsu yanayi yake juyewa. Da farko wasu masu share fage da ake kira pali suke zuwa, kowanne ɗauke da abu guda na hidimar, wannan sandar wuta, wannan tulun ruwan gangamau, wannan mayafi, wannan kwakwa, wannan zakara, suna shiririta da shi. Bayansu sai sanni su fara fitowa daga bayan rumfa ɗaya-ɗaya da ihu. Mai ganga, wanda yake tsaye a matsayin mutum mai hankali, shi ne yake tare kowanne da zance. A nan ake gane cewa dodon da aka kwana ana tsoro wawa ne. Kurma ana tambayarsa gabas yana amsa yamma. Makaho yana laluben hanya yana karo da 'yan kallo. Gurgu yana tutiya da jarumtaka yana faɗuwa. Mai zazzaɓi yana rawar ɗari yana neman ya rungume wuta. Ba su iya furta kalmomin girmamawa daidai ba, sai su karkatar da su su koma batsa ko zancen bayan gida, mai ganga yana gyara musu suna ƙara ɓatawa. Ga kwaɗayi, ga ƙazanta, ga roƙo. Ana tsare shi a shinge a ce ba zai wuce ba sai ya nuna izini, dole ya ambaci fifikon Buda da bakinsa, sannan a ba shi faifansa, ya sa wa majiyyaci albarka, ya ce ciwon da na jefa ya ƙare, ya fice. Jama'a kuma suna amsawa da ayu bo wewa, wanda kusan daidai yake da ranka ya daɗe.

To ga amsar dariyar. Majiyyacin nan ya yi makonni ko watanni yana ɗauke da abin da ba shi da siffa, ba ya iya nuna shi, ba ya iya faɗinsa, kuma abin da ba shi da siffa ba shi da iyaka a zuciyar mai tsoro. Fuskar katako ba ɓoye wani abu take yi ba, fito da shi take yi. Ta ɗauki ciwon daga cikin mutum ta tsayar da shi a tsakar fili, da suna, da hanci, da baki, da tarihin uwa da uba, inda kowa yake ganinsa. Da ya tsaya a fili sai aka auna shi aka ga bai kai yadda ake zato ba. 'Yan kallo ba majiyyaciya suke yi wa dariya ba, abin da ya kama ta suke yi wa, kuma suna jiran ta shigo cikinsu. Adura yana satar kallon fuskarta, domin idan ta murmusa ko ta yi dariya tare da jama'a, alama ce ta bar ganin duniya da idon yaka ta dawo ganinta da idon mutane, wato kaɗaicin ya karye. A ganina wannan yana daga cikin mafi zurfin hikimar da wasan kwaikwayo ya taɓa kaiwa a ko'ina, kuma kai da kake karatun fannin ya kamata ka tsaya a kansa.

Game da bori, akwai kama, kuma ba kaɗan ba. Nan da can akwai iskoki masu sunaye da halaye da sarki, kowanne da ciwon da ake jingina masa, har kalmarmu ta shan-inna daga sunan Inna ta fito, kuma wanda Kuturu ya hau yakan dunƙule yatsu kamar yadda mai fuskar Kora yake ɗingishi. Nan da can akwai kiɗa na musamman da kirarin kowane iska. Amma bambancin ya fi kamar girma. A bori jikin mutum ne fuskar, iska tana hawan doki ko goɗiya ta yi magana da bakinsa, ba a bukatar katako. A Sanni Yakuma mai sanye da fuska ɗan wasa ne da yake cikin hankalinsa sarai, yana lura da 'yan kallo yana ƙirƙirar barkwanci nan take. Sannan girka tana ƙulla zumunci ne na har abada tsakanin mutum da iskarsa, ya zama ɗan bori yana yi mata hidima, alhali tovil tsinke igiya yake yi, a sallami yaka, a yi fatan kada a sake haɗuwa. Wanda aka yi wa tovil ba ya zama ɗan wata ƙungiya, gida yake komawa.

Batun bauta kuwa, su Sinhalawa ba su ɗauki abin da ake ba yakku a matsayin ibada ba. Girmamawarsu ta Buda ce da alloli, abin da ake miƙa wa yaka kuwa ya fi kama da sallamar mugun baƙo, kuma ba a durƙusa masa, zaginsa ake yi a kore shi. Malaman zuhudu na addinin Buda ba sa shiga tovil, nasu aikin karatun kariya ne da ake kira pirit, kuma da yawa daga masu ilimin zamani a cikinsu suna ƙyamar abin. Wannan bayanin yadda masu al'adar suke ganinta ne. Mu Musulmi hukuncin miƙa wani abu ga aljani don neman waraka sananne ne a wurinmu, kuma fahimtar abin da wasu suke nufi da aikinsu ba ya nufin amincewa da shi. Sunan rawar shaiɗanu da ka gani kuwa gadon zamanin mulkin mallaka ne. Turawan Fotugal sun iso tsibirin a farkon ƙarni na 16, na Holan suka karɓe gaɓar teku a ƙarni na 17, Ingilishi suka karɓa a 1796 suka kuma ci Kandi a 1815. 'Yan mishan ne suka fassara yaka da shaiɗan, kuma ɗaya daga cikinsu, John Callaway, ya buga fassarar wasu baitocin wannan al'ada a Landan a 1829. Fassarar ba ta dace ba, domin yaka ba abokin gabar Ubangiji ba ne mai ɓatar da bayi, halitta ce mai yunwa da fushi wadda take ƙarƙashin doka. Ya fi kusa da abin da muke kira iska ko aljani.

Kada kuma ka ɗauka duk fuskar katako ta Sinhalawa ta magani ce. Akwai Kolam, wanda wasan kwaikwayo ne na ƙauye, an fi saninsa a Ambalangoda da Mirissa. Shi ma labarin asalinsa kwaɗayin mai ciki ne: matar sarki Maha Sammata ta ce ba abin da take marmari sai ganin rawar fuskoki, babu wanda ya san yadda ake yi, sai aka wayi gari aka tarar da fuskokin da baitocinsu a lambun sarki, aikin Wiswakarma masassaƙin alloli. A Kolam ana fito da mutanen gari ne ana yi musu shaguɓe: tsohon sanƙira mai ganga da tsohuwar matarsa Nonci, dagaci mai girman kai da magatakardansa, ɗan sanda, sojan da ya dawo da raunuka a fuska, mai wanki Jasaya da kyakkyawar matarsa Lencina wadda babban ma'aikacin gwamnati yake haƙo. Bayan su sai sarki da sarauniya su fito da manyan fuskoki masu nauyi, sai dodannin Raksha irin su Naga Raksha mai gamsheƙa a kai da Gurulu Raksha mai bakin tsuntsu, sannan a rufe da labari daga rayuwoyin Buda na baya. Wannan ya fi kusa da tashenmu, inda yaro yake manna gemun auduga ya faɗa wa manya abin da ba ya faɗuwa da rana tsaka.

Fuskokin kansu da icen kaduru ake sassaƙa su, wani ice marar nauyi da yake fitowa a fadama da bakin gonakin shinkafa. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a fitar da siffa, a rarake cikin, a ajiye shi a hayaƙi na kwanaki don ya bushe kada ƙwari su ci, sannan a goge shi da ganye mai kaushi a shafa launi. A da daga ƙasa da duwatsu da itatuwa ake haɗa launukan, a gauraya da man wani ice da ake kira dorana. Masassaƙi ba ya bin son ransa, akwai baitoci da suke faɗin awo da launi da siffar kowace fuska. A Ambalangoda iyalin masassaƙi Ariyapala Wijesuriya suna da gidan adana fuskoki da wurin sassaƙa wanda baƙi suke ziyarta.

Ko yana warkarwa? Ba ya kashe ƙwayar kwalara, ba ya buɗe idon makaho, kuma mutanen ƙasar sun san haka, domin Siri Lanka tana da asibitocin gwamnati kyauta har ƙauyuka. Wasu daga cikin fuskokin ma sun rayu sun bar cututtukansu: an kawar da agana daga duniya tun 1980, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa babu sauran zazzaɓin cizon sauro a tsibirin. Inda nake ganin yana da tasiri na gaske shi ne ciwon da ya haɗa da firgici da baƙin ciki da ƙuncin zaman gida, domin mutumin da aka manta da shi ya ga danginsa sun kashe dukiya, unguwa ta hana idonta barci saboda shi. Haɗarinsa kuma a fili yake idan ya sa aka jinkirta kai mai farfaɗiya ko mai zazzaɓi asibiti.

Cikakken Sanni Yakuma ya yi ƙaranci a yau. Tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, kuma da yawa daga masu gadonsa 'yan ajin Berawa ne, wato makaɗa, waɗanda tsarin gado na ƙasar ya daɗe yana ƙasƙantar da su, don haka 'ya'yansu suke gwammace wata sana'a. Rawar ta koma makarantu da jami'a da dandalin otal-otal, fuskokin kuma sun koma kasuwar 'yan yawon buɗe ido, inda aka fi sayar da na Raksha masu fenti mai ƙyalli. Idan ka koma ga bidiyon, duba ko akwai rumfar ganyen kwakwa da faifan hadaya da zakara, duba ko 'yan kallo a ƙasa suke zaune da yara suna gyangyaɗi a cinyar iyayensu, duba ko mai fuskar yana tsayawa ya yi musayar magana da mai ganga, kuma ko yana komawa wurin matar nan ya karɓi wani abu daga hannunta. Idan akwai waɗannan, tovil na gaske ka gani. Idan kuwa wata rana fuskar ta zo hannunka, juya ta ka dubi cikinta: wadda aka yi don rawa tana da 'yar tsaga a ƙarƙashin kowane ido inda mai rawa yake leƙe, da huda a gefe don igiya, kuma icen ya yi duhu ya yi santsi a daidai goshi da haɓa saboda gumi.